Layin masu sauri a Njamena ya kusa kwanar da mu a ƙetare

Bikin ɗiyar Baffa ne ya kai mu Njamena cikin sanyin nan da ya wuce, ni da Gwaggo. Tunda aka sa rana take cewa sai ta je, ga ciwon suga ga ciwon gwiwa, amma wa ya isa ya hana ta bikin ɗiyar ƙaninta, shikenan aka ce ni zan raka ta tunda na ɗan saba da hanyar.

Mun bar Garwa ta Kamaru da sassafe a motar ajans, wato ta kamfanin sufuri. Garwa zuwa Marwa kilomita 200 da ɗan wani abu ne, ka wuce Pitowa, ka wuce Figil inda kamfanin siminti yake, ƙura ta sa har ganyen itace ya yi fari, daga nan sai duwatsu su fara fitowa ta hannun hagu. A Domayo muka kwana wajen wata ƙawar Gwaggo. Marwa dai tana nan yadda na san ta, dogon yaro a kowane titi, Mayo Kaliyawo ya bushe ƙarƙaf yara na ta buga ƙwallo a cikin yashinsa.

Wahalar tana gaba. Marwa zuwa Mora da sauƙi, amma daga Mora ka nufi Waza, Dabanga, Maltam har Kuseri, wannan sai wanda ya bi ya sani, wani wajen kwaltar ta cinye gaba ɗaya sai ramuka, direba ya sauka gefe ya bi ta ƙasa ƙura na shigowa ta ko'ina, Gwaggo ta ja mayafi ta rufe hanci tana ta jan carbi. Ba mai son dare ya same shi a nan saboda matsalar tsaron da yankin ya sha fama da ita, ga shingen jami'ai, kowa ya sauko ya nuna kart, wato katin shaida. Abin da za ka fi gani a hanyar shi ne manyan motoci, layi guda, wasu na rarrafe wasu sun lalace an jera ganye a bayansu. Chadi ba ta da teku, don haka yawancin kayan da ake sayarwa a Njamena daga tashar ruwa ta Duwala suke tasowa, wasu a ɗora su a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere sannan a loda wa tireloli, tafiyar wajen kilomita 1,800. Wani ɗan kasuwa da ke kusa da ni ya ce tunda aka buɗe gadar Yagwa da Bongor a Afrilun 2025 shi ta can yake turo wasu kayansa, amma in sauri yake har yanzu nan yake bi.

A Kuseri muka sauka gidan Yaya, babbar ɗiyar Gwaggo, don gidan biki ya cika babu wajen shimfiɗa. Kullum da safe mu haye gadar Ngeli mu shiga Njamena, da yamma mu dawo kafin a rufe iyaka. Garuruwan biyu ruwa ne kawai ya raba su, nan Logon ya haɗu da Shari, kuma a nan Kuseri aka kashe Rabe, mayaƙin nan da ya ci Borno, a 1900 a yaƙinsa da Faransawa, a nan ma aka kashe Lami, Bafaranshen da aka sa wa Njamena sunansa har zuwa 1973. Kuɗi iri ɗaya ne, sefar da ke aljihuna a Garwa ita ce a can, babu zancen ɗan canji. Abu ɗaya Yaya ta ja min kunne a kai, ta ce kar in kuskura in tsallaka da leda a hannu, an hana ta a Njamena tun wajen 2010, sai ta ba ni jakar yadi.

Gadar nan da safe abin kallo ce, babura da kekuna da mata ɗauke da kwanduna, ɗalibai, masu kifi, kowa na turereniya. Ka shiga gari kuma sai Larabcin Chadi ta ko'ina, amma kana kaiwa wajen babbar kasuwa kusa da masallacin Sarki Faisal za ka fara jin Hausa, wasu kakanninsu hanyar Makka ce ta ajiye su a nan tun zamanin tafiyar ƙafa, suka zauna suka yi iyali. Mun sha shayi, mun ci kisra da miyar kuɓewa, mun ci gasasshen naman raƙumi, Baffa bai bar mu da yunwa ba Allah ya saka masa.

Toh ranar walima ne abin ya faru. An tashi bayan la'asar, ɗan Baffa ya ɗauko mota zai kai mu gada, sai Gwaggo ta tuna ƙwayar nan da take sa wa a shayi maimakon suga ta ƙare, kuma a Kuseri ba lallai a samu ba. Maganinta na yamma kuma yana can gidan Yaya, dole mu tsallaka. Yaron ya ce ai akwai babban kanti a kan hanya, irin sufamarshe ɗin nan mai sanyi, minti biyar na fito. Gwaggo ta ce, ɗan nan ka yi maza, ka haɗo min da biskit marar zaƙi da ruwa.

Ban ɗauki lokaci ba wajen nemo kayan, abu uku ne a hannuna. Farashi da tsada, amma wanda ya ga motocin nan a hanyar Dabanga ba zai yi mamaki ba. Wajen biya akwai kes da yawa a jere, guda biyu kawai ke aiki, sauran an ja sarƙa. Ɗayan an rataya allo a samansa da Faransanci da Larabci cewa na masu sauri ne, kaya kar su wuce 10. Na ƙirga mutanen gabana ba su da yawa, na ce Alhamdulillahi na shiga.

Ta farko wata hajiya ce da keken tura kaya cike taf, shinkafa, mai, katan na madara, sabulu, kayan wata guda dai. Yarinyar kes ɗin ta nuna mata allo da ladabi. Hajiya ko kallon allon ba ta yi ba, sai ta kira 'ya'yanta biyu da mai aikinta ta rarraba musu kayan, kowa ya riƙe nasa, wai yanzu ai kowa 10 gare shi. Kuma ita za ta biya wa kowa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tikensa. Wallahi da ta bi layin kowa da kowa da ya fi mana sauƙi, don yanzu sau huɗu aka buɗe lissafi aka rufe. Abin da ya fi ci min rai shi ne yaran, ƙaramin bai fi shekara takwas ba, yana tsaye yana kallon yadda uwarsa ke zagaye doka a gaban mutane, kuma ya ga ta yi nasara.

Bayanta wani saurayi da tuffa da inabi a hannu, bai kai an auna ba. A irin wannan kanti sai ka je wajen sikeli an auna an manna takarda mai layi-layi, ita na'urar ke karantawa ta ciro farashi daga kwamfuta, in babu takardar yarinyar ba abin da za ta iya. Ya ajiye sauran kayansa a kan teburin ya tafi, mu kuma muna tsaye, don an riga an fara buga nasa, kuma soke lissafi ba a hannunta yake ba, sai shugabarsu ta zo da katinta. Aka aika a kira ta. Kafin ta zo ya dawo, ya kuma ƙaro kwalbar lemo biyu da ya gani a hanya.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara, ɗan Baffa ne, Yaya kana ina, Gwaggo na tambaya. Na ce ga ni a layi. Ina ajiyewa sai na ji an ce, ɗana daga ina? Na juya, wani dattijo ne a bayana da farar hula, gwangwanin madarar jarirai guda ɗaya tal a hannunsa. Na gaishe shi na ce daga Garwa Baba. Ya ce ikon Allah, shi haifaffen nan ne amma asalinsu Kano, jikarsa ce aka haifa uwar ba ta da lafiya nono bai zo ba, tun azahar yarinyar ke kuka. Na ce Baba ka wuce gabana. Ya ce a'a ɗana, kai ma na ji kana da mara lafiya a mota, mu dai yi haƙuri. Sai da na matsa masa sannan ya yarda.

A daidai nan wani mutum ya shigo ta gefe, babbar riga, waya a kunne, wani na biye da shi da kwando. Bai ce wa kowa sannu ba, bai dubi layi ba, ya ɗora kayan a gaban yarinyar. Mai gadin da ke bakin ƙofa yana gani ya kau da kai. Ita kuma ta dube mu, ta dube shi, ta sunkuyar da kai ta fara bugawa. Baba ya yi magana da Larabci a hankali, na fahimci yana cewa akwai mutane a gabanka, mutumin ya ɗaga masa hannu kawai ya ci gaba da wayarsa. Dattijo mai furfura fa, wanda a haife ya haife shi. Ni raina ya ɓaci sosai har na buɗe baki, Baba ya riƙe min hannu ya ce bari, kai baƙo ne kuma gada na jiranka.

Da mai babbar rigar ya zo biya sai ya ce ta waya zai tura. Rezo ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. Ya ce an cire masa, ita ta ce bai shigo ba, aka tsaya jiran saƙo. Duk wannan lokacin ina kallon ɗaya layin, na masu kaya da yawa, wata mata mai jan mayafi da na lura mun shiga tare, ita da kwando biyu, ta biya ta fita.

A tsayen nan na lura da wani abu. Buga kaya ba shi ke cin lokaci ba, yarinyar hannunta da sauri, abu 10 ko 20 kafin ka ƙifta ido ta wuce da su. Abin da ke riƙe layi shi ne abin da ke faruwa tsakanin mutum da mutum, neman kuɗi a jaka, jiran rezo, abin da ba a auna ba, farashin da aka rubuta a kanta daban na kwamfuta daban a tsaya gardama, jiran shugaba, sai uwa uba canji. Shi allon kaya kawai yake ƙirgawa, kuma ko ƙirgar ma ba wanda aka ɗora wa alhakin tsare ta. An bar wa yarinya ƙarama ita kaɗai ta fuskanci hajiya da mai babbar riga, alhali kowa ya san in suka kai ƙararta ita za a kora.

Baba ya biya ya tafi yana sa min albarka. Nawa ya kama sefa 3,425, na miƙa jaka biyar. Ta ba ni 1,500, ta buɗe aljihun teburin ta duba, ta ce babu dala goma sha biyar, ta ɗebo alawa uku ta ɗora a kan tiken. Na ce mata ƙanwata dubi abin da na saya, na mai ciwon suga ne, me za ta yi da alawa. Ta ce ko ashana. Sai ta rage murya ta ce tun safe da 'yan sulalla kaɗan aka buɗe mata kes, sun ƙare kafin azahar, kuma in ta yafe wa mutum ko dala biyar ne da dare in aka yi lissafi a albashinta za a cire. Idonta ya yi ja, da gani tun safe take shan faɗa.

Wannan matsala ta canji duk wanda ke riƙe sefa ya san ta, daga Garwa har Njamena, a tasi, a kemis, wajen mai burodi. Ƙasashe 6 ne ke cin kuɗin nan, Kamaru, Chadi, Afirka ta Tsakiya, Kongo, Gabon da Ikwatoriyal Gini, babban bankinsu BEAC yana Yawunde. An daɗe ana zargin cewa wasu na kwashe sulallan, wasu don injinan caca wasu a fitar da su waje a narkar. A Afrilun 2025 bankin ya fito da sababbi har da ta 200 wadda a da babu ita, mun gan su, suna shigowa hannu jefi-jefi, amma har yau in ka ba mai babur jaka ɗaya da safe sai ya tambaye ka ba ka da ƙanana. Mai babur ina masa uzuri. Babban kanti mai injin sanyi da kwamfuta, mai kai kuɗi banki kullum, shi ba ni da uzurin da zan masa. Kuma su da kansu suke rubuta farashi mai 25 da 75 da 990 a ƙarshe, sun san sarai ba su tanadi sulallan da za su mayar ba. Sefa 75 ba za ta talauta ni ba, amma mutum nawa ke wucewa ta gaban kes ɗin nan daga safe zuwa dare? Kuma akwai wanda 75 ɗin nan ita ce cikon kuɗin kilandonsa, wato baburin haya, zuwa gida. Haƙƙin mutane ne, a addini ma ba ƙaramin abu ba ne a riƙe wa mutum kuɗinsa a tilasta masa sayen abin da bai nema ba.

Na karɓi ashanar don kar in ƙara mata nauyi. Ina zuwa ƙofa kuma ga wani layin, mai gadi na duba tike yana leƙa jakar kowa ɗaya bayan ɗaya, shi ɗin dai da ya kau da kai ɗazu.

Na samu Gwaggo ta jingina da kujera ta yi shiru, ta ce ɗan nan lafiya, na ɗauka wani abu ya same ka. Ɗan Baffa ya ja mota, ga cunkoson yamma, kowa ya nufi Ngeli lokaci guda, muka sauka muka ƙarasa da ƙafa ina riƙe da hannunta tana ɗingishi, muna cikin na ƙarshe-ƙarshen da suka tsallaka. Da mun ƙara jinkiri kaɗan da a Njamena za ta kwana babu magani. Da na ba Yaya labari ta ce ai ita ta daina shiga layin nan, gara ta bi na kowa ta san jira za ta yi.

Ni ba na ƙin irin waɗannan kantuna, akwai abin da sai a can za ka samu, kamar ƙwayar shayin nan, kuma da tsabta, ba ciniki ba rantsuwa. Shi ma layin masu sauri tunani ne mai kyau, an yi shi ne don irin Baba mai gwangwani ɗaya da jaririya na kuka a gida. Amma in za a rataya allo to a tsaya masa. A sa babba ɗaya a bakin layin wanda zai iya ce wa kowa, ko waye, Alhaji ga naka layin can. A kai sikeli kusa da kes. Da yamma lokacin da mutane suka taso daga aiki a buɗe sauran kes ɗin da aka ja wa sarƙa. A nemo canji tun safe, in ba za a iya ba a daidaita farashi ya zama na 50 da 100. Ba ɗaya a ciki da ke buƙatar sabuwar na'ura.

Washegari sauran sayayyar tsaraba a babbar kasuwa muka yi, wajen wani Bahaushe mai kayan ƙamshi da Baffa ya haɗa mu da shi. Mutum huɗu ne a gabansa yana sallamarsu lokaci guda, yana auna wa wannan turaren wuta yana amsa wa waccan farashi, yana hango Gwaggo ya sa yaronsa ya kawo mata kujera, ya ce wa sauran ku yi haƙuri in sallami Hajiya tukuna ƙafarta ba lafiya, ba wanda ya yi ƙorafi. Da canji ya gagara ya tura yaron shagon maƙwabci ya fasa jaka biyu, ya ƙirgo mana har dala biyar ɗin ƙarshe. Shi ma a nan sai da muka yi ciniki mai zafi kafin ya sauko, kuma ƙura da zafin rumfar ba a magana. Muka sayi humra da dabino da karkanji, wato zoɓo, na mutanen gida, muka tsallaka da wuri, da asuba muka kama hanyar Maltam.